Yadda ake sa diyod barikaf a madadin CV ɗin rediyon FM da ya lalace

Duk mai gyaran rediyo a nan Damagaram ya san wannan matsalar, a kawo maka rediyo mai kyau, lasifika lafiya lau, IC lafiya, amma CV ɗin nan, wato kondo mai canzawa, na roba mai kusurwa huɗu da ake juyawa a nemi tasha ya sha ƙura, ledar da ke tsakanin farantansa ta yage, ko sandar ta karye, ka zaga kasuwar Dole ba ka samu daidai shi ba, mai rediyo kuma ba ya son sabo, nasa yake so. To akwai hanya. Ana iya sa ƴar diyod da ake kira barikaf ta yi aikin CV ɗin, sai neman tasha ya koma hannun potar irin na bolum. Aikin ba wuya gare shi ba amma yana son natsuwa, kuma tun yanzu ka riƙe wannan: rabin aikin ba a diyod ɗin yake ba, a wutar da za ka ba ta yake.

Kayan aiki

Fer mai siririn baki, wat 25 zuwa 30 ya isa, da dalma siririya. Miltimetir na lamba. Hantsaki, ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa ko reza ta yanke layin tagulla. Turnebis na roba ko na katako, in babu ka feƙe tsinken sakace ko ka fere guntun robar bik, na ƙarfe ba zai yi ba don da ka kusanto da shi tasha za ta gudu. Kyandir guda ɗaya. Sai waya ko wani rediyo mai nuna lambar tasha a gilashi, da shi za ka gwada.

Kayan da za a sa a ciki: barikaf guda 2 iri ɗaya na VHF, irin su BB109, BB909, BB910 ko MV209. Kondo seramik 100 pF guda 2, ka ajiye 47 pF da 1 nF a gefe don canji. Kondo ajistabul ƙanana guda 2 masu kaiwa 20 pF. Rezistans 100k guda 2, 15k ɗaya, 1k ɗaya. Potar 100k mai tafiya daidai wato liniya, ba na bolum na ainihi ba, da wani ƙarami 4.7k. Regilatar 78L08. Kondo 330 nF ɗaya, 100 nF biyu, 10 nF ɗaya, da shimik, wato kondo mai gefen fulus da mwans (+ da −), 47 µF. Sai batir 12V, irin na sola.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka kunna fer

Kowace diyod in ka ba ta wuta a juye, wato fulus a katod, ƙafar da yawanci ke gefen zobe, mwans a anod, ɗaya ƙafar, ba ta barin kuran ya wuce, sai wani fili ya buɗe a tsakiyarta wanda babu abin da ke ɗaukar wuta a ciki, gefe da gefe kuma suna ɗauka. To ai kondo kenan, faranti biyu da tazara a tsakani. Ka ƙara bolt tazarar ta ƙaru, kapasite ya ragu, ka rage bolt ya ƙaru. Barikaf diyod ce da aka ƙera musamman don wannan canjin ya yi yawa kuma ya zama iri ɗaya daga wannan zuwa waccan. BB109 misali a bolt 3 tana ba da 26 zuwa 32 pF, a bolt 25 ta sauko wajen 5 pF.

Bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla, da kondo su ke yanke tashar da rediyo zai kama. Kapasite ya yi yawa ka sauka wajen 88, ya ragu ka hau wajen 108. Saboda haka bolt kaɗan tashoshin ƙasa, bolt da yawa tashoshin sama. FM daga 87.5 zuwa 108 MHz take, kuma don ka ci wannan zangon duka sai jimillar kapasite ta canza sau ɗaya da rabi, 1.52 in ana son lissafi. Da bobin 100 nH kenan daga 33 pF zuwa wajen 22 pF. Ka ga ba wani abu mai yawa ba ne, shi ya sa bolt 1 zuwa 8 ke isa, ba sai an nemi bolt 33 irin na tuna ɗin tele ba.

1. Ka tabbata rediyon irin wanda ake yi wa wannan aikin ne

Buɗe ka duba. In ka ga CV na roba da ƴan sukurori huɗu a bayansa, da bobin biyu na wayar tagulla tsirara masu zagaye 3 zuwa 5 kusa da shi, da filta seramik mai ƙafa uku an rubuta 10.7, to naka ne. Yawanci IC ɗinsu CD2003, TA2003, CXA1191 ko CXA1019. Amma da yawa daga rediyoyin da ake shigowa da su yanzu, masu ramin kati da USB da fitila, allura ce kawai a fuska, a bayanta potar ne ke gaya wa IC mai lissafi tashar da zai kama, babu bobin FM biyun nan, babu CV. Irin waɗannan barikaf ba ta da abin yi a ciki, potar ɗin za ka wanke ko ka canza.

Sannan ka tabbata CV ɗin ne ya lalace da gaske. Cire ƙafarsa ɗaya ka auna da miltimetir a kan om kana juyawa a hankali, in ya yi ƙara ko ya nuna lamba a wani wuri to farantai na taɓa juna.

2. Samo barikaf, ka gane ta

In akwai mai zuwa Kano a sayo maka a Sabon Gari shi ne mafi sauƙi. In babu, gawar kaya ta ishe ka. Ƙananan rediyon nan na aljihu masu maɓalli biyu, ɗaya na nema ɗaya na komawa farko, masu IC TDA7088 ko ƴan'uwansa, kowanne da barikaf ɗaya a ciki kusa da bobin, sau da yawa BB910. Tsohon rediyon mota mai lamba yana da su da yawa. Sai tuna ɗin tsohuwar tele, akwatin gwangwanin nan da eriya ke shiga.

In tele za ka buɗe, ka yi hattara don Allah, babban kondon alimantasiyon yana riƙe wajen bolt 300 ko an cire ta daga kuran, kwalbar da ke nuna hoto ma tana riƙe nata. Ka sauke wutar kondon ta rezistans ko ƙwan fitila tukuna, kar ka kusanci robar da ke manne a jikin kwalba.

Cikin tuna ɗin akwai diyod iri iri masu kama da juna, wasu na canza zango ne kawai ba barikaf ba. Yadda za ka raba su: nemi ƙafar tuna da aka rubuta VT ko BT ko TU, bi layinta, duk diyod ɗin da layin ya isa katod ɗinta ta cikin rezistans mai dubu goma goma, to barikaf ce. Na ɓangaren UHF, inda bobin ɗin guntun ƙarfe ne ko zagaye ɗaya, kapasitensu ya yi kaɗan ga FM, ka ɗauki na ɓangaren da bobin ke da zagaye da yawa. Kuma ka ciro biyun daga tuna ɗaya ɓangare ɗaya, don kamfani ya riga ya zaɓo su masu tafiya tare, wannan kyauta ce da ba za ka samu ba in ka tsinto ɗaya nan ɗaya can. Kar ka daɗe da fer a kansu, daƙiƙa biyu uku ka ɗaga.

3. Gwada su

Miltimetir a kan alamar diyod: gefe ɗaya ya nuna wajen 0.6 ko 0.7, ka juya ya nuna babu. Inda ya nuna lamba, baƙar wayar mita tana kan katod, ka yi alama, yawanci gefen da ke da zobe ne. Wannan gwajin bai isa ba, don barikaf mai yoyo tana wuce shi lafiya. Sai ka haɗa pil 9V, fulus zuwa rezistans 1M, rezistans zuwa katod, anod zuwa mwans, ka auna bolt a kan rezistans ɗin. Mai lafiya kusan sifili za ka gani, ƴan milibolt. In ka ga rabin bolt ko lamba na rawa, jefar da ita, ita ce za ta sa tasha ta riƙa tafiya da kanta kana ta zargin potar.

4. Haɗa wutar neman tasha

Nan nake son ka zauna sosai. Ka duba lissafin: zango na 20.5 MHz za mu ci da bolt 7, wato kowane bolt ɗaya wajen 3 MHz, kowane milibolt ɗaya wajen 3 kHz. Tashar FM kuwa duk ƙarfin muryarta 75 kHz take kaɗa lambarta, ba ta wuce nan. Ma'ana in wutarka na rawa da milibolt 25 kacal, ƙugin da za ka ji ya kai ƙarfin muryar mai labarai, in kuma ta zame da milibolt talatin da wani abu ka bar tashar da 100 kHz. Sikelin mai sayar da zinariya ne, iska ma motsa shi take. Shi ya sa ba a ɗaukar wannan wutar daga pil ɗin rediyon kai tsaye, da an ƙara bolum lasifika ta ja kuran, pil ya ɗan sunkuya, tasha ta goce, a rage bolum ta dawo, mai rediyo ya ce ka ɓata masa kaya.

Ga yadda nake yi. Fulus na batir 12V ya bi ta makunni ya shiga 78L08, 330 nF a ƙofar shiga zuwa mas, wato layin mwans, 100 nF a ƙofar fita zuwa mas. Lura da ƙafafun: 78L08 ƙarami in ka fuskanci gefen rubutu ƙafafu ƙasa, hagu fita ce, tsakiya mas, dama shiga, wato akasin babban 7808, masu koyo da yawa nan suke ƙona shi. Daga fita sa 1k, bayansa 47 µF zuwa mas, wannan ke tace sauran ƙazanta. Daga nan zuwa ƙafar sama ta potar 100k. Ƙafar ƙasa ta potar ba mas za ta tafi kai tsaye ba, ta bi ta ƙaramin potar 4.7k da aka haɗe ƙafarsa ta tsakiya da ta gefe, sannan 15k, sannan mas. Ƙafar tsakiya ta babban potar ita ce layin neman tasha, sa mata 100 nF zuwa mas. Mwans na batir ka haɗa shi da mwans na rediyo.

15k ɗin nan aikinsa ya hana wuta sauka ƙasa da bolt 1. Ƙasa da haka barikaf tana asarar inganci, kuma kaɗawar osilatar kanta na iya tura ta ta fara wuce kuran kamar diyod ta gari, sai ka ji rediyo ya mutu a ƙarshen ƙasa ko yana kama tasha ɗaya a wuri biyu. Ƙaramin potar kuwa na daidaitawa ne, don zagayen babban potar bai kai cikakken juyi ɗaya ba, ɗan motsin yatsa ya tsallake tasha. In ka samu potar mai juyi 10 to ka huta, ba ka buƙatar ƙaramin.

Na zaɓi 78L08 a kan 78L09 saboda regilatar na son shiga ta fi fita da wajen bolt 2, batirin sola kuwa da asuba ya kan sauko, mai 8 zai jure, mai 9 ya fara sakin layi. In babu batir 12V sai pil 9V, ka ba potar kai tsaye ba regilatar, abin da yake ja bai kai 0.1 mA ba, pil zai daɗe ƙwarai, illa dai tashoshi za su riƙa matsawa kaɗan kaɗan yadda yake tsufa, kuma wannan da sauƙi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sharjar waya ko ƴan modil ɗin nan masu ɗaga bolt daga 3 zuwa 12, suna kunnawa da kashewa dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, ƙazantarsu ta layi take shiga ta iska ma take shiga.

Kafin ka ci gaba auna ƙafar tsakiya, ka juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya tashi daga wajen 1 zuwa kusan 8 ba tsalle.

5. Raba tsohon CV da ɓangaren FM

CV ɗin gida huɗu gare shi, biyu na AM biyu na FM. Bi layin tagulla, ƙafafu biyun da suka tafi ga bobin tsirara su ne na FM, ɗaya na osilatar ɗaya na eriya. A CD2003 da TA2003 na osilatar yana zuwa ƙafa ta 13, na eriya ƙafa ta 15. In ba ka gane ba, kunna rediyo ka kusanto da yatsa, bobin da ke sa shuuu ɗin ya canza gaba ɗaya ko tasha ta gudu shi ne osilatar, ɗayan rage ƙarfi kawai yake.

In farantan FM na taɓa juna, yanke layukan biyu da reza dab da ƙafar CV, ka bar CV ɗin a wurinsa, in gidajen AM na da rai sai AM ta ci gaba da aiki da tsohuwar allura. Amma ka tuna ƴan sukurorin bayan nan ajistabul ne, ka yanke layi ka yanke su, shi ya sa muka tanadi namu guda 2, kowanne ka sa shi daga kan bobin zuwa inda ƙafar gama gari ta CV take. In kuwa sanda ce kawai ta karye farantai lafiya, kar ka yanke komai, juya shi da filaya har farantai su fita duka wato ƙarshen 108, ɗiga masa gam ya tsaya, ka yi amfani da ajistabul ɗinsa.

Wani tarko: a irin waɗannan IC ɗin bobin da ƙafar gama gari ta CV sau da yawa ba a mwans suke ba, a fulus suke ko a wata wuta da IC ke fitarwa. Auna ka gani. Kar ka ɗauka duk faffaɗan layi mas ne.

6. Sa barikaf

Kowane ɓangare haɗinsa ɗaya. Daga kan bobin, inda ƙafar CV take a da, sa 100 pF. Ɗaya ƙafar 100 pF ɗin ta haɗu da katod. Anod ta tafi mas na gaskiya, mwans, mafi kusa. A mahaɗar katod da kondo sa ƙafar 100k, ɗaya ƙafar ta tafi layin neman tasha. Ka yi haka sau biyu, sai ƙafafun 100k biyun su haɗu wuri ɗaya, nan ka sa 10 nF zuwa mas, daga nan waya ta tafi potar.

100 pF ɗin yana hana wutar neman tasha shiga bobin da IC, yana kuma rage faɗin canjin: barikaf na 30 pF a bayansa ta zama 23, tana 12 ta zama wajen 11. In ka samu mai ɗigon baƙi a ka, wato NP0, shi ya fi, zafi ba ya motsa shi. 100k kuma yana barin bolt ya isa katod tunda barikaf ba ta jan kuran, amma ya tare siginal kar ya bi waya ya tsere. Daga 47k zuwa 220k duk suna yi.

Gajarta ƙafafu iyakar iyawarka. Santimita ɗaya na waya wajen 10 nH ne, bobin ɗin gaba ɗayansa bai fi 100 nH ba, ka ga ƙafa mai tsawo ɗaya ta isa ta kwashe ka MHz da yawa. Jikin 100k ya zauna dab da katod, doguwar wayar ta kasance a ɗaya gefen. Wayar da ke zuwa potar in ta wuce tsawon yatsa ka yi amfani da mai riga irin ta mikro, rigar a mas, kuma kar ta bi kusa da wayar lasifika. Jikin potar na ƙarfe shi ma a mas.

In barikaf ɗinka mai ƙafa uku ce irin BB204, biyu ne a gida ɗaya katod a haɗe a tsakiya. Wannan haɗin ya fi tsabta wajen tasha mai ƙarfi don in siginal ya tura ɗaya sama ya tura ɗayar ƙasa, amma kapasite rabi yake zama, kuma kowace anod sai ta samu hanyar zuwa mas, wadda ke gefen kondo ka sa mata 100k zuwa mas, ka mai da kondon 1 nF.

7. Daidaitawa

Ja eriya, kunna rediyo, kunna wutar barikaf, juya potar. In ka ji ko tasha ɗaya ce to aiki ya kama, saura gyara zango. Ɗauko wayarka ka nemo tasha mafi ƙasa da mafi sama da ake ji a garin, ka rubuta lambobinsu, Muryar Sahel da Anfani da sauran na gari duk ka san inda suke a jere.

Ka'idar ba ta canzawa: ƙasa da bobin, sama da ajistabul, kuma osilatar ake fara yi. Kai potar kusa da ƙarshen ƙasa, ka matse ko ka buɗe zagayen bobin osilatar da tsinke har tashar ƙasa ta fito. Matsewa na saukar da lamba, buɗewa na hawar da ita. Kai potar kusa da ƙarshen sama, juya ajistabul na osilatar har tashar sama ta fito. Koma ƙasa za ka tarar ta ɗan matsa, gyara, koma sama, haka har su zauna. Sannan ɓangaren eriya: nemi tasha mai rauni a ƙasa ka taɓa bobin eriya har ta fi ƙarfi, nemi mai rauni a sama ka juya ajistabul ɗinsa. Da tasha mai ƙarfi ba za ka ji bambanci ba, in duk masu ƙarfi ne ka rage eriya.

In babu tasha a inda kake so, ga dabara. Osilatar yana tazarar 10.7 MHz da tashar da ake kamawa, a yawancin rediyo sama da ita. Sa rediyo mai lamba a 100.7 in wurin babu kowa, ajiye shi kusa, juya potar ɗinka, inda shuuu ɗinsa ya yi tsit to naka yana kan 90.0.

Barikaf ba ta sauka ƙasa kamar CV, a bolt 8 tana da sauran fiye da 10 pF, don haka abin da aka fi gani shi ne rediyo ya ƙi kaiwa 108. Fara da buɗe ajistabul duka. Bai isa ba, duba ko akwai ƙaramin kondo 15 ko 22 pF a gefen bobin, cire shi ko ka sa rabinsa. In zangon ya yi faɗi har tashoshi sun cunkushe a tsakiyar potar, mai da 100 pF zuwa 47 pF a ɓangarorin biyu. In ya yi ƙunci, ka samu ƙasa ka rasa sama, sa 1 nF. Kuma kar ka yi mamaki in tashoshin ƙasa sun fi matsuwa da juna, barikaf ta fi saurin canzawa a ƙananan bolt, halinta ne.

In za ka auna bolt rediyo na aiki, auna a gefen potar, kar ka ɗora mita a katod, wayar mita kaɗai ta isa ta kashe osilatar. Ka gama, rufe akwatin ka sake saurare don murfi ma na ɗan motsa shi, sannan ka ɗiga kakin kyandir a bobin biyun, kaɗan, ka sake taɓa ajistabul in ya matsa.

8. In abu ya ƙi

Potar na juyawa babu abin da ke canzawa: ko barikaf a juye take, ko mwans na batir bai haɗu da na rediyo ba. A juye za ka gane, katod da anod sun musanya, bolt a kanta ya tsaya wajen 0.5 ya ƙi hawa. Ƙugi a kan kowace tasha amma babu shi tsakanin tashoshi: wutar neman tasha ce ba tsabta, koma mataki na 4, in batirin na kan caji ko an jona masa onduler cire ka ji. Tasha na tsalle da ƙarar ƙaiƙayi in ka taɓa potar: ƙura ce, kuma da hunturu ya shigo za ka ga irinsa da yawa, shi ya sa nake son potar rufaffe, in buɗaɗɗe ne ka naɗe ramukansa da salatif. Tasha na zamewa a hankali in rana ta take: zafinmu na watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana ƙara wa barikaf kapasite, an fi jinsa a ƙananan bolt, maganinsa NP0, da nesanta regilatar daga barikaf, da tsara zango yadda tashar ƙasa za ta faɗo wajen bolt 2 maimakon 1. Ɗan abin da ya rage ƙaramin potar zai ɗauke.

In babu barikaf ko kaɗan

Diyod 1N4007 tana yi a matsayin maneji, wajen 8 zuwa 15 pF take bayarwa a bolt 4 gwargwadon kamfani, canjinta kaɗan ne, ba za ta ci zangon duka ba, amma in ka jera biyu gefe da gefe ka sa 1 nF za ka samu wani yanki, ka zaɓi yankin da tashoshin da mai rediyo ke saurare suke. Zena mai bolt sama da 12 ita ma tana yi, sai dai kowace da nata kapasite, sai an gwada. Jar LED na yi amma haske na motsa ta, sai ka rufe ta da baƙin salatif, kuma bolt 5 aka yarje mata a juye. 1N4148 kar ka ɓata lokacinka, kapasitenta bai wuce 4 pF ba kuma da ƙyar yake motsi.

Ga dattijon da tasha uku ko huɗu kawai yake ji, maimakon babban potar ka jera ƙananan ajistabul 100k masu juyi da yawa, kowanne a daidaita shi kan tasha ɗaya, makunni mai zagaye ya zaɓi ƙafar tsakiyar da za ta tafi layi. In ka jera huɗu ka mai da 15k ɗin zuwa 3.9k don ƙasan ya tsaya a bolt 1.

AM kuwa ka bar ta tukuna. Daga 531 zuwa 1602 kHz canjin kapasite sau 9 ake nema, sai irin 1SV149 ko BB112 masu wajen 500 pF a bolt 1 su sauko ashirin da wani abu a bolt 8, kuma gidan AM na CV ɗin roba wajen 140 pF ne kawai, saboda haka bobin da ke kan sandar ferit ya yi musu yawa sai an rage zagaye, osilatar ma sai an lissafa masa kondon da zai sa ya riƙa bin eriya da tazarar 455 kHz. Ka yi FM a rediyo biyu uku hannunka ya saba da tsinke da ajistabul, sannan ka taɓa ferit.